Ku tambaya mu amsa: tsohon faifan jaz, haƙƙin mallaka da busar kilarinet

Wasiƙun wannan fitowar daga Kebbi da Zamfara suka zo. Mun taƙaita tambayoyin don wuri ya ishe mu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon sayar da faifan CD da tura waƙoƙi a waya. Wani abokin cinikina ya dawo daga Turai da kwali mai faifai huɗu, an cusa kundi takwas na makaɗan jaz na shekarun 1950 a ciki, ya ce kuɗinsa bai kai na faifai ɗaya na kamfanin asali ba. Jabu ne? In ba jabu ba ne, zan iya kwafa in sayar? (Mai shago, Gusau)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ta yiwu ba jabu ba ne a ƙasar da aka buga shi. Sai dai kafin ka fara kwafi, ka sani kowane faifai dukiya biyu ce a buhu ɗaya, kowacce da mai ita. Akwai kiɗan kansa, wato karin da wani ya zauna ya ƙirƙira, da baitocinsa in yana da su. Akwai kuma ɗaukar da aka yi a situdiyo a rana kaza, wadda galibi tana hannun kamfanin da ya biya kuɗin aikin. Wa'adinsu ba ɗaya ba ne, kuma a nan mutane ke faɗawa rami.

A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba ɗaukar sauti shekara 50, ana fara ƙirga daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da ita ga jama'a. Shi kuwa kiɗan, shekara 70 ne bayan ƙarshen shekarar da mai shi ya rasu. Ɗauki kundin Miles Davis na 1959, Kind of Blue. Ɗaukar ta fita daga kariya a nan tun ƙarshen 2009. Amma Miles Davis a 1991 ya rasu, don haka kiɗan da ke ɗauke da sunansa yana da masu shi har ƙarshen 2061. Buhun ya buɗe ta gefe ɗaya, ɗaya gefen yana nan a ɗinke.

Arahar kwalin nan kuwa ga dalilinta. A da, Tarayyar Turai shekara 50 take ba ɗaukar sauti. Daga ranar 1 ga Nuwamban 2013 ta mayar da shi 70, amma ba ta dawo da abin da ya riga ya kuɓuce ba. Saboda haka duk ɗaukar da aka fitar kafin 1963 ta zama ta kowa a can. Shi ya sa wasu kamfanoni a Sifen da Ingila suke tara kundi shida ko takwas a kwali guda. Ba sa ba kamfanin asali ko kwabo, abin da doka ta wajabta musu shi ne kason masu kiɗan. Juya kwalin ka karanta shekarun da ke bayansa, da wuya ka ga kundin da ya haura 1962.

A Amurka, inda aka ɗauki kiɗan, labarin daban ne. Dokarsu ta 2018 ta ce abin da aka fitar tsakanin 1923 da 1946 yana da shekara 100, na 1947 zuwa 1956 shekara 110, na 1957 zuwa farkon 1972 kuwa sai ranar 15 ga Fabrairun 2067. Kwalin da ke halal a Basalona, a Amurka kayan laifi ne.

To, kai da ke Gusau? Kuɗin da kamfanin Turai ya biya na kwafin da ya buga ne, bai biya maka naka ba. Ka ɗauki takarda ka bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. Gaban kowacce ka rubuta shekarar da aka fara fitar da ita, da sunan wanda ya ƙirƙire ta, da shekarar rasuwarsa. Charlie Parker a 1955 ya rasu, wa'adin kiɗansa ya ƙare da ƙarshen 2025. Amma wanda suka haɗa hannu da Dizzy Gillespie, irin Anthropology, da wanda ya rasu daga baya ake ƙirga, shi kuwa Gillespie sai a 1993, wato ƙarshen 2063 ke nan. Ka lura kuma da ɗaukar da aka ajiye a sito ba a fitar ba sai daga baya. Wadda aka yi a 1955 aka fara fitarwa a 1990, daga 1990 ake ƙirga mata. Hoton bango da bayanin da ke cikin ɗan littafin su ma da masu su.

In ka gama wannan lissafi za ka tarar da cewa a kundi takwas, waƙoƙin da suka kuɓuta ta fuska biyun ba su taka kara sun karya ba. Sauran sai da lasisi. Ka tuntuɓi Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, ta nuna maka ƙungiyar da ta amince wa karɓar kason mawaƙa, irin MCSN. Dokar ta tanadi tara daga naira 10,000 zuwa sama a kan kowane kwafi, ko ɗauri, ko duka biyun. Kwafi 200 a kan kanta, kai ma ka iya lissafi.

Tambaya: Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana kwali biyu na kaset, yawanci waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo da Mamman Shata. Muna so mu zuba su a YouTube kada su salwanta. Ai tunda mawaƙan sun daɗe da rasuwa babu laifi ko? (Wata mai karatu, Ƙaura Namoda)

Amsa: Amin, Hajiya, Allah ya kai haske kabarinsa. Kaset ɗin naku ne, gado ne. Waƙar da ke ciki gadon wasu ce. Ɗanƙwairo a 1991 ya rasu, shekara ɗaya da Miles Davis, kuma doka ba ta bambanta mai kotso da mai kakakin Turawa ba: iyalansa ke da waƙoƙinsa har ƙarshen 2061. Shata ya rasu a 1999, nasa sai ƙarshen 2069. Ita kuma ɗaukar, sai an duba wanda ya yi ta, kamfanin faifai ne, gidan rediyo ne, ko Baba ne da rakodarsa a wurin biki.

Ki raba aikin biyu. Ceton kaset ɗin don amfanin gida ba ya jiran kowa, ki fara yau. A goge kan rakoda da auduga da sifirit, a bari ya bushe. A duba ɗan sosan da ke ƙarƙashin zaren kaset, in ya faɗi sautin zai riƙa rawa, sai an manna wani. A juya zaren gaba da baya sau ɗaya kafin a kunna, don wanda ya daɗe a ajiye yakan manne. A haɗa rakoda da kwamfuta ta kebul, kada a ajiye wayar hannu gaban lasifika, a kuma adana a tsarin WAV. MP3 yana zubar da wani sashe na sautin, kuma abin da ya zube ba ya dawowa.

Zubawa a intanet kuwa bugawa ce ga duniya. Ku nemi magadan mawaƙin, ku yi yarjejeniya a rubuce, a faɗi waƙoƙin da sunansu, da yadda za a raba in kuɗin talla ya shigo. Yardar baki takan rushe ranar da kuɗi ya bayyana.

Tambaya: Tun zamanin da muke kama shirin jaz na Willis Conover a Muryar Amurka nake son busar kilarinet ta Buddy DeFranco. Ɗana ya sayo mini faifansa guda biyu, waƙoƙi iri ɗaya, amma ɗaya sautinsa garau, ɗayan kamar an rufa wa lasifika bargo. Me ya kawo haka? (Tsohon ma'aikaci, Birnin Kebbi)

Amsa: Ranka ya daɗe, Baba, kunnenka bai yaudare ka ba. Bambancin daga tushe ne. Kamfanin da ke da lasisi yana zuwa sito a ɗauko masa uwar tef, wadda aka naɗa ranar ɗaukar, daga ita yake juyowa. Kamfanin da ya dogara da ƙarewar wa'adi ba shi da hanyar shiga siton. Ko dai ya kwafi CD ɗin wani, ko ya ɗora allura a kan tsohon faifan garmaho. Daga nan sai a sa kwamfuta ta kashe ƙarar ƙas-ƙas, in aka matsa mata sai ta haɗa da saman sautin ta share. Bargon da kake ji ke nan.

Ga yadda za ka gwada. Nemi wurin da mai ganga ke kaɗa farantin tagulla shi kaɗai, kamar a ɗaukar da DeFranco ya yi da Art Blakey da Kenny Drew a 1953. A faifai mai kyau, in sanda ta sauka, ƙarar tana ɗan jan jela kafin ta mutu. A wanda aka wanke fiye da kima, sai ka ji tas, shiru, ko wani sauti kamar ana zuba ruwa a kwano. Ka guji kuma duk wanda aka ce sitiriyo ne, wato an raba sautin wa lasifika biyu, alhali ɗaukar farkon shekarun 1950 ce. Don lasifika ɗaya aka yi ta, rabawar ta ƙarya ce.

A bayan faifai, nemi harafin P a cikin da'ira da sunan kamfani kusa da shi, da sunan injiniyan da ya juyo sautin, da ranakun ɗauka. Yawancin ayyukan DeFranco na wancan lokaci a kamfanonin Norman Granz ya yi su, Clef da Norgran da Verve, kuma yau suna hannun Universal. Kamfanin Mosaic ya taɓa karɓar lasisi ya tara duk abin da DeFranco ya yi wa waɗannan kamfanoni tare da mai fiyano Sonny Clark a kwali ɗaya, amma adadi ƙayyadadde suke bugawa, sai dai a samu na hannu.

Kada dai a ɗauka na asali ba ya kuskure. Shekara fiye da talatin ana sayar da Kind of Blue da waƙoƙi uku na gefen farko suna ɗan gudu fiye da yadda aka kaɗa su, saboda injin tef ɗin ya yi nawa ranar ɗauka, sai a 1992 aka gyara. Ita ma uwar tef ba dawwamamma ba ce. Gobarar da ta tashi a siton Universal a watan Yunin 2008 ta cinye masu yawa, a irin wannan hali tsohon faifai mai tsabta shi ne madogara.

Tambaya: Ina busa kilarinet a ƙungiyar badujala, shekarata huɗu a kai. Maci da waƙoƙin coci ba sa ba ni wahala. Amma da na gwada bibop, wato salon jaz mai tsananin sauri, sai yatsuna su harɗe, kayan ya riƙa ƙiiii. Abokina mai saksofon bai kai ni daɗewa ba, ya wuce ni. Ni ne ko kayan ne? (Wani matashi, Zuru)

Amsa: Ƙanenmu, rabin laifin na kayan ne, kuma ba kai ka fara kuka da shi ba. A shekarun 1930 kilarinet ce sarauniya, zamanin Benny Goodman da Artie Shaw. Da bibop ya zo a tsakiyar shekarun 1940, sai ta koma baya. Goodman kansa ya gwada a 1948 da 1949 ya bari. Waɗanda suka tsaya ba su da yawa: DeFranco, da Tony Scott, da Stan Hasselgard ɗan Suwidin wanda hatsarin mota ya kashe a 1948 yana da shekara 26.

Matsalar a ƙirar bututun take. Cikin saksofon yana buɗewa kamar algaita, don haka in abokinka ya danna maɓallin babban yatsa, sautin yana hawa takwas, kuma yatsun da ya sa a ƙasa su zai sa a sama. Cikin kilarinet kuwa miƙaƙƙe ne, in ka danna maɓallin nan hawa goma sha biyu take yi. Sautin E na ƙasa ya zama B, F ya zama C, G ya zama D. Duk jimlar da ka koya a ƙasa, sai ka sake koyon ta a sama da wasu yatsun. Ga kuma ramuka a buɗe waɗanda naman yatsa ne ke toshe su. In ka bar ƙofa ko ta kaurin gashi, ƙiiii ɗin da kake ji ke nan.

Wurin da ya fi cin mutane shi ne tsallaken da ke tsakiya. Dubi hannunka sa'ad da kake busa B-filat na maƙogwaro: yatsa biyu ne kawai ke aiki, manuni a kan maɓallin A, babban yatsa a kan maɓallin baya. Sautin da ke binsa, B, yana son babban yatsa ya toshe raminsa yana kuma danne da maɓallin, yatsu shida su rufe ramuka shida, ƙaramin yatsa ya danna nasa, duka a ƙiftawa ɗaya. A maci sau ɗaya ko biyu za ka tsallaka a layi. A bibop kana iya tsallakawa sau huɗu kafin ka ja numfashi.

Maganinsa uku. Na farko, tun kana kan G da A da B-filat na maƙogwaro ka sauke yatsun hannun dama a kan ramukansu ka bar su a can. Sautin ba zai lalace ba, kuma rabin aikin tsallaken ya ragu. Na biyu, kada ka ɗaga manunin hagu ka kai shi kan maɓallin A. Mirgina shi za ka yi, gefen gaɓar farko ya taɓa maɓallin, kan yatsan yana shawagi bisa raminsa. Na uku, babban yatsan hagu ya zauna a karkace, yadda gefensa kawai zai taɓa maɓallin baya ba tare da ramin ya buɗe ba. Kullum ka ba wannan minti goma: ka busa E na ƙasa dogo, ka taɓa maɓallin ya zama B ba tare da ka ƙara cije baki ba, sannan F zuwa C, har ka kai C zuwa G. Daga nan A zuwa B, A zuwa C, A zuwa D, a gaban madubi.

Sai ƙananan yatsu. A kilarinet ta yau da kullum, D-shaf na tsakiya a hannun dama kawai yake. Don haka in jimla ta bi B, C-shaf, D-shaf, dole ka fara B da dama, C-shaf da hagu, D-shaf da dama. In ka fara da hagu, za ka iso ƙarshe yatsa ɗaya yana neman maɓalli biyu. Ka sa fensir ka rubuta dama ko hagu a kan takardar. Tsakiyar waƙar Cherokee ita ce jarrabawar wannan, domin tana ratsa B da A da G, kai kuma da kayanka ke sauka da sauti ɗaya, C-shaf da B da A za ka karanta.

Harshe kuma, kada ka sare kowane sauti kamar a fareti. Ka taɓa harshe a kan sautin da ke tsakanin bugu, ka zame zuwa wanda ke kan bugun. Sa na'urar ƙirga bugu a 60, ka ɗauke ta a matsayin bugu na biyu da na huɗu, kada ka ƙara sai jimlar ta fita sau biyar a jere ba tuntuɓe, sannan ka ƙara huɗu. Charlie Parker ya ɗauki waƙarsa Ko-Ko a gudun da ya kai kusan 300 a minti. Wannan ba na bana ba ne.

Tunda mun ambaci Ko-Ko, ga inda tambayarka ta haɗu da ta Alhaji na Gusau. A ɗaukar ranar 26 ga Nuwamban 1945, Parker da abokan kiɗansa sun fara da karin Cherokee na Ray Noble, aka tsayar da su, suka sake ba tare da karin ba. Doka tana kare karin waƙa, amma jerin sautukan rakiya da ke ƙarƙashinsa na kowa ne. Haka 'yan bibop suka riƙa ɗora sabon kari a kan tsohon harsashi, kason ya zama nasu. Kai ma kana iya yin haka da naka karin.

Game da kaya, kada ka yi saurin sayen bakin busa mai faɗin ƙofa don an ce shi ne na jaz. Vandoren 5JB buɗinsa milimita 1.47 ne, B45 kuwa bai kai 1.2 ba. Mai faɗi yana son harshen gora, wato ɗan siririn ɓawon da ke karkarwa a bakin busa, mai laushi, lamba 2 ko ƙasa, yana ba da ƙara, amma riƙe daidaiton sauti a kansa sai gwani. B45 da harshe lamba 2 da rabi ya ishe ka shekaru. In ganga na danne ka, makirfo za ka nema, ka saita shi wajen tsakiyar kayan, tazarar kamar taƙi ɗaya. Yawancin sautin ta ramuka yake fita, ƙasan bututun na 'yan sautuka kaɗan ne.

Tambaya: An aiko mini da kilarinet ta katako daga waje a watan Disamba. Mako uku da fara busawa na ga tsaga siririya a gaɓar sama. An cuce ni ne? (Malamin makaranta, Argungu)

Amsa: Malam, da wuya a ce an cuce ka, hunturu ne ya yi aikinsa. Baƙin katakon da ake ƙera ta da shi daga Tanzaniya da Mozambik ake saro shi, kuma yana son laimar iska wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Iskar hunturu a nan takan sauka ƙasa da kashi 20. Bayan katakon ya bushe ya tsuke, kai kuma ka hura numfashi mai ɗumi da laima a cikinsa, cikin ya kumbura, bayan ya ƙi, sai ya tsage. Kusan kullum a gaɓar sama yake farawa, kusa da maɓallan A da G-shaf, inda ramuka suka matsu da juna. Alamar da ke riga tsaga zuwa ita ce zoben ƙarfen da ke bakin gaɓa ya fara juyawa da yatsa.

Ka daina busa ta yanzu. Sa fensir ka yi alama a ƙarshen tsagar ta sama da ta ƙasa, domin in laima ta dawo takan rufe har mai gyara ya kasa gani. Kada ka ɗura mata gam da kanka. In gam ya gangara cikin rami ya bushe, ɗan matashin maɓallin ba zai ƙara zama daidai ba. Mai gyara yakan cike tsagar da gam haɗe da garin katakon, ko ya ɗaure ta da ƙusoshi sirara.

In ta dawo, minti goma zuwa sha biyar a rana ya isa a makonni biyun farko. Da safe ka sa gaɓar sama a hammata ta ɗumama kafin ka hura. Ka zura ƙyallen goge ciki bayan kowane busa, ka raba gaɓoɓin kafin ka rufe akwati. A cikin akwatin ka ajiye ɗan soso mai laima a robar magani da ka huda wa ramuka, kada ya taɓa maɓallai. Harshen gora kuma ka jiƙa shi minti biyu a ruwa, ka riƙe huɗu kana juya su. Don fareti da busar fili daga Nuwamba zuwa Maris, nemi ta roba irin Yamaha YCL-255, ita iyakarta kada a bar ta a cikin mota da rana, don zafi yana narkar da gam ɗin da ke riƙe matasan maɓallai.